Ga mai tambayar zuwa kogo da ƙaramin guzuri

Assalamu alaikum. Ƙanena na Agege, ka ce ka ga hotunan wani ƙaton kogo na Biyetnam, abin ya shiga ranka, kana tambaya ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya irin wannan yawo. Idan Son Doong kake nufi, kuɗin shigarsa kaɗai wajen dala 3,000 ne, ban da jirgi da biza. Ka ajiye shi tukuna. Ga kogon Ogbunike nan a ƙaramar hukumar Oyi ta jihar Anambra, kusa da Anacha. Sau biyu ina zuwa daga nan Legas, kuma ban ci bashin kowa ba.

Ka hau mota a Jibowu da asuba, ku bi Ore, Benin, Asaba, ku haye gada ku shiga Anacha. Tafiyar yini ce. Kada ka yarda da motar dare don ragin kuɗi, kada kuma ka sa tafiyarka ta faɗo ranar Litinin, saboda zaman gidan dole da aka sha yi a yankin a wannan rana. Disamba ma ka bar ta, lokacin mutanen gabas ke komawa gida Kirsimeti, kuɗin mota sai ya yi tashin gwauron zabi. Ƙarshen Janairu zuwa Maris ya fi, ga rani, ruwan cikin kogon bai cika ba.

Masauki kuwa, ka tambaya a kasuwar Mile 12 tun kafin ka tashi. Da wuya ka rasa ɗan albasa ko ɗan tumatir mai ɗan'uwa a Anacha. Ni haka na samu wurin kwana. Ka riƙe garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishinka, ka huta da neman abincin da hankalinka zai kwanta da shi.

Duk wannan tsimi na yarda da shi. Inda ban yarda ka yi tsimi ba shi ne ɗan jagora da tocila.

Matakala 317 za ka sauka cikin kurmi kafin ka isa bakin kogon, a can kuma sai ka cire takalmi, al'adarsu ce. Bakin yana da faɗi, amma daga ciki hanyoyi ne suka rarrabu, wani wurin sai ka duƙa, wani sai rarrafe, ruwa na bin gwiwarka, jemagu na shawagi a kanka. Zuwana na farko na ce wayata ta ishe ni haske. Muna cikin rarrafe ta suɓuce ta faɗa ruwa, ta mutu nan take. Wallahi ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, na ɗaga tafina dab da hancina ban gan shi ba. Ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa da bugun ƙirjina, bakina na ta Hasbunallahu. Yaron da ke mana jagora, wanda ɗazu nake ta ciniki da shi kan ɗan abin da zan ba shi, shi ya juyo ya kama wuyan hannuna, ya ce in sa ƙafa inda ya sa. Da muka fito na ninka masa kuɗinsa, kuma har yau ina ganin ban biya shi ba.

Saboda haka ka sayi tocilar goshi, ka ƙara da ƙarama a aljihu, waya kuma ka ƙulle ta a leda. Ka sa takunkumi, don ƙurar kashin jemage na iya jawo ciwon huhu.

Mutanen garin suna girmama wurin, har biki suke yi masa duk shekara. Ba ruwanka da bikin, amma kada ka yi musu izgili. In da iyali za ka, ka sani ba sa barin mace mai al'ada ta shiga.

In kun fito, ka ce wa ɗan jagora ya kai ka inda ruwan kogon ke haɗuwa da rafin Nkisa. Ka tsaya a mahaɗar, ƙafa ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi. Ka wanke laka a nan, ka rage ruwan sha a gorarka, don matakalar nan 317 tana jiranka, kuma hawa ya fi sauka wuya nesa ba kusa ba.