Rigimar WiFi da mai zangon motocin kwana: amsa ga yarona

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce: "Oga, mai zangon nan da muka ja wa intanet a watan Afrilu ya ƙi biyan kuɗin wata, wai baƙinsa na ta zaginsa a Google saboda WiFi ba ya aiki. Na je na gwada a bakin kebul na samu megabit 100 cif. Laifin wa ne, kuma me zan ce masa?"

Kafin ka ce masa komai, da ƙarfe nawa ka yi gwajin? Na san amsar, da hantsi ka je, ranar aiki, lokacin da rabin mutanen zangon sun tafi kamun kifi. Kai ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Ka auna abin da ya iso ofishinsa ne, shi kuwa yana kukan abin da bai isa cikin motar baƙonsa da ƙarfe takwas na dare ba. Tun da na fara wannan aiki a Amurka, kusan duk rigimar da na gani tsakanin ƙananan kamfanoni irin namu da masu zangon motocin kwana, waɗanda ake kira RV, a wannan tazarar take.

Yi lissafin da kanka. A ce zangon na da gurbin mota 100. Netflix na neman kamar megabit 5 kafin hoto ya fito tas. Idan motoci 60 suka kunna fim bayan cin abincin dare, ana neman megabit 300 ke nan daga layin da ke ba da 100. Ban ma sa wayoyin yara da kwamfutar mai aikin ofis daga cikin motarsa ba. Tun watan Maris na 2024 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ɗauki megabit 100 a matsayin ma'aunin intanet mai sauri na gida ɗaya, a da 25 ne. Abin gida ɗaya aka raba wa unguwa guda.

Sannan ka ce a Afrilu muka yi aikin. Ka tuna yadda itatuwan wurin suke a lokacin? Rassa ne tsirara, kana tsaye a ƙarshen zangon kana hango eriyar da ke kan sanda. Yanzu Yuli ne, ganye ya rufe ko'ina, kuma ganye cike yake da ruwa, ruwa kuwa shanye sigina yake yi, musamman ta gigahaz 5, ɗaya daga cikin mitocin da WiFi ke aiki a kai. Ga motocin kansu, da yawansu alminiyon ne jikinsu ko ƙashinsu. Mutum na zaune cikin gwangwani, a bayan wasu gwangwanaye goma da aka jera, yana jiran sigina ta ratso.

Zai ce maka a ƙara wa eriya ƙarfi. Kowane mai zango haka yake cewa. Ka ba shi misalin da nake ba ku a shago: ladan na kiran salla da lasifika, kana jin sa daga bayan gari, amma in ka amsa masa da bakinka ba zai ji ka ba. Eriyarmu ce lasifikar, wayar baƙo ce bakin. Shi ya sa baƙo ke ganin sigina ta cika a fuskar wayarsa amma shafi ya ƙi buɗewa, ransa ya ƙara ɓaci. Maganin shi ne ƙananan eriya da yawa kusa da motoci, kowace da kebul ɗinta ko hanyarta ta musamman zuwa ofis. Kebul ɗin tagulla kuma kada ya wuce mita 100, in ya wuce sai faiba, wato kebul na zaren gilashi. Wannan haƙa rami ne, kuɗi ne, kuma a nan fuskar mai zango ke canzawa. Sai ya je kanti ya sayo 'yan na'urorin maimaita sigina ya liƙa a bangon banɗaki, bai san irin masu rediyo ɗaya kowace na raba saurin biyu ba.

Akwai wani abin da nake so ka riƙe da kyau, don zai iya jawo mana asarar da ba za mu iya ɗauka ba. A gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Baƙi da yawa na zuwa da nasu WiFi, wani na waya, wani na Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fito da tsarin masu motocin kwana a 2022. Duk suna surutu a tashoshi ukun nan. Wata rana mai zango zai ja ka gefe ya ce, ba ka da dabarar da za ka kashe nasu? Dabarar na nan cikin wasu na'urori, amma kada hannunka ya taɓa ta. A watan Oktoba na 2014 kamfanin Marriott ya biya tarar dala 600,000 ga FCC saboda toshe WiFi na baƙi a otal ɗin Gaylord Opryland da ke Nashville. Marriott ya biya ya ci gaba da harkarsa. Mu da motar aiki biyu, ranar za mu rufe shago.

Yanzu batun laifi. Ɗauko takardar yarjejeniya ka karanta, a ina aikinmu ya tsaya? Ni na koyi wannan da tsada. A shekarun farko na ja wa wani dattijo layi zuwa ofishin zangonsa, muka yi musabaha, babu takarda. A raina na sayar masa da layi zuwa bango. A ransa ya sayi WiFi har cikin kowace mota. Daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ya kira ni wajen sau bakwai. Da na isa na tarar da shi tsaye a bakin ofis da tocila, wata mata riƙe da kwamfuta tana faɗa masa maganganu a gaban jikokinsa, shi kuwa sai haƙuri yake ba ta. Na buɗe akwatin bango na ga rauta, wato na'urar raba WiFi, irin ta gida, ta yi zafi kamar dutsen guga, mutum fiye da ɗari na rataye a kanta. Ba ni na sa ta ba, amma ban taɓa tambayarsa me zai yi da layin ba, kuma wannan sakacina ne. Watanni uku bai biya ni ba, daga baya ya koma wani kamfanin. Har yau in na tuna fuskarsa a daren nan ba na jin daɗi.

Saboda haka kada ka je masa da faɗa. Mutumin nan a yankinmu kasuwarsa daga ƙarshen Mayu ce zuwa farkon Satumba, abin da ya samu a nan shi zai ci har shekara ta zagayo. Tauraro ɗaya da baƙo ya ba shi a Google zai zauna a wurin shekaru, kuma baƙon ba sunanmu zai rubuta ba, sunan zangonsa zai rubuta. Riƙe kuɗinmu ba daidai ba ne in layinmu na kawo abin da muka yi alkawari, ka faɗa masa haka a fili cikin ladabi. Amma kada ka yanke masa layi a tsakiyar lokacin kasuwarsa ba tare da sanarwa a rubuce ba.

Ka koma ranar Asabar da ƙarfe takwas na dare. Buga masa jadawalin amfani da layin na sati biyu, ya ga yadda zanen ke hawa ya daki rufi kowane dare ya kwanta a can har sha ɗaya. Gwada a bakin kebul yana kallo. Daga nan ku taka tare, wayarka a hannunsa, daga gurbi na farko har na ƙarshe, ya ga da idonsa inda sigina ke mutuwa. Gani ya kori ji. A daren ka sa wa kowace na'ura iyaka, kamar megabit 3 zuwa 5, don kada mutum ɗaya mai sauke wasan bidiyo ya shanye na kowa. Wannan kyauta za mu yi masa, kuma zai ji sauƙi tun a daren.

Sauran kuma farashi biyu za ka rubuta masa a takarda daban-daban: na ƙara girman layi, da na shimfiɗa eriya cikin zangon tare da kula da su. A rubuta wanda baƙo zai kira in abu ya lalace, da wanda zai biya in tsawa ta ƙona na'ura. In ya zaɓi layi kaɗai, ya sa hannu cewa daga bango zuwa ciki nasa ne. Ka turo mini takardun in duba kafin ka kai masa, kuma ka tafi da dogon tsani, don ina zargin eriyar da ke bayan wurin wanki ta karkace tun iskar watan jiya.