Ciyawar da ta jure ƙanƙara, za ta jure zafi?

Tambaya: Malam, wani dillali ya kawo mini irin ciyawar Festuca altaica, ya ce tunda ƙanƙara ba ta kashe ta, zafi da fari ma ba za su taɓa ta ba, shanuna za su yi kiwo shekara zagaye. Na riga na ba da kafin alƙalami, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, ka yi daidai da hankalinka bai kwanta ba, domin wannan magana ta dillalai na gaji da jin ta. Asalin ciyawar nan duwatsun Altai ne da Saiberiya da Mongoliya, har zuwa Alaska da yammacin Kanada, inda lokacin tsironta gajere ne, mai sanyi. Tana cikin rukunin ciyayin wurare masu sanyi da masana ke kira C3, waɗanda suka fi yabanya tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Celsius. Abin da ke raya ta a hunturu shi ne sukarin da take tarawa a gindinta, ga dusar ƙanƙara da ke lulluɓe ta kamar bargo. Wannan tanadi ba ya tsinana mata komai a ƙasa mai zafi, domin da zarar zafi ya haura digiri 30 sai sarrafa abincinta ya ja baya, da dare kuma ta ƙone ɗan abin da ta tara, har tsakiyar kututturen ya bushe ya bar zobe kore a gefe, shi ma daga baya ya tafi. Ko a mahaifarta jinkirin kafuwa gare ta, kuma ba ta jure kiwo mai tsanani a lokacin da take tohowa. Jure zafi da fari na ciyawa irin gamba ne, 'yan rukunin C4, wato ciyayin ƙasashe masu zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne buhun da ba shi da takardar shaida, domin da ido ba za ka bambanta wannan iri da na wata 'yar'uwarta mai suna Festuca arundinacea ba. Waccan kan ɗauki wani naman gwari a cikin jikinta mai fitar da gubar ergovaline, wadda ke matse jijiyoyin jini, dabbar da ta ci ta kasa fitar da zafi, ta rame, nono ya ragu, wani har kofato ya ruɓe. Makiyayan Amurka sun sha wannan wahala da nau'in Kentucky 31 da aka fitar a 1943, sai a shekarun 1970 aka gano musabbabin.

Ka nemi takardar gwajin iri mai ɗauke da cikakken sunan kimiyya. Idan ya fara kame-kame, ka karɓi kuɗinka.