Tambaya da Amsa: Shin Labarin Jarida Ya Isa a Ce Ma'aikatan Gaggawa Sun Yi Sakaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta labarin wani magidanci da ya yanke jiki ya faɗi, ma'aikatan motar asibiti suka zo, amma suka shafe kusan minti 20 a wurin ba su tafi da shi ba, har rai ya yi halinsa. Iyalansa sun ce sakaci ne, ni ma zuciyata ta karkata ga hakan. Ko na yi kuskure? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙansa, Ya bai wa iyalansa haƙuri. Tausayinki yana kan hanya, amma hukuncin ya yi sauri, domin tsayawar da ta ɓata miki rai tana iya zama ita ce ainihin aikin. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, shi ya sa ake koya wa ma'aikatan su fara danna ƙirji nan take, sau 100 zuwa 120 a minti, su kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, aikin da ba ya yin kyau a cikin motar da ke gudu tana girgiza. Ko a Amurka da Ingila, kusan mutum ɗaya ne cikin 10 ke rayuwa idan zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti, saboda haka mutuwa kaɗai ba hujja ba ce.

Akwai kuma abin da jarida ba ta cika faɗa ba. Iyalan mamaci suna da damar faɗin duk abin da suka gani, alhali ma'aikacin lafiya ƙa'idar riƙe sirrin majiyyaci ta ɗaure masa baki, sai labari ya fito da murya ɗaya, mai karatu kuma ya ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi. Mu da muke karantawa mun riga mun san ƙarshen lamarin, shi kuwa ya yanke shawara ne cikin daƙiƙu, da ɗan abin da ke gabansa.

Kotu kan duba ko ma'aikacin ya kauce wa abin da ƙwararre irinsa zai yi a wannan hali, da kuma ko kaucewar ce ta jawo cutarwar. Amsar tana cikin rajistar lokacin kira da na isowa, da takardar da aka rubuta magungunan da aka ba majiyyaci, da sakamakon binciken gawa.

Ban ce sakaci ba ya faruwa ba, kuma ba na son a rufe bakin masu ƙorafi. A 2019, a garin Aurora na jihar Kolorado da ke Amurka, ma'aikatan gaggawa sun yi wa wani matashi mai suna Elijah McClain allurar ketamin (maganin sa barci) miligiram 500, adadin da ya fi ƙarfin nauyin jikinsa, ya rasu bayan 'yan kwanaki, kuma a Disambar 2023 kotu ta samu biyu daga cikinsu da laifi. Matsin jama'a ya taimaka aka sake buɗe binciken, amma bidiyo da bayanan likitoci ne suka tabbatar da laifin. Don haka shawarata ga iyalan mamacin nan ita ce su rubuta ƙorafi ga hukumar da ke kula da ma'aikatan, su nemi a ba su waɗancan takardu.