Ba na son a taɓa ni, ga shi biki ya matso

Tambaya: Likita, shekarata 23. Tun ina ƙarama ba na son a taɓa jikina. Ko ƙawata ce ta dafa kafaɗata sai in zabura, gabana ya faɗi. Kitso ma da kyar nake zama a gama. A gida ana cewa girman kai ne. Yanzu an sa ranar aurena, saura wata huɗu. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, babu girman kai a nan. Jikinki ne ke ɗaukar taɓawa a matsayin haɗari, yana zabura tun kafin ki yi tunani. Wasu abin ya samo asali ne daga duka ko cin zarafi a yarinta, wasu fatarsu ce ke jin komai fiye da kima, kamar yadda ake gani a masu otizim (wata lalura da ke bayyana tun yarinta, tana shafar mu'amala da mutane), wasu kuma ƙyanƙyami ne da tsoron ƙwayoyin cuta. Idan tsoron ya tsananta har ya hana mutum harkokinsa, likitoci na kiransa hafefobiya.

Ki gwada yi wa kanki cakulkuli a tafin ƙafa. Ba za ki ji shi sosai ba, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san inda yatsa zai sauka. Abin da ke firgita jiki shi ne taɓawar ba-zata, musamman shafa sama-sama. Riƙo mai ɗan nauyi wanda aka sanar da ke ya fi sauƙin jurewa, don haka daga nan za ki fara.

Ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da ita, yayarki ko mahaifiyarki. Ke za ki kama hannunta, ki ɗora a bayan hannunki, ki danna da kanki. Zuciya za ta buga, tafin hannu zai yi gumi. Ki daure kaɗan, kina fitar da numfashi a hankali, har bugun ya lafa, sannan ki saki. Idan kika janye a lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, jiki zai ƙara gaskata cewa gudun ne ya cece shi. Ki maimaita kullum. Sai ya daina damunki za ki matsa zuwa damtse, kafaɗa, daga baya kitso da lalle. Mai kitson ma ki roƙe ta ta riƙa faɗa miki kafin ta taɓa wuyanki.

Na fi damuwa da abu ɗaya: idan wani ya taɓa cutar da ke, kada ki fara wannan ke kaɗai. Ki fara ganin likitan halayyar ɗan Adam, a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko wanda ya fi kusa da ke.

Angon kuma ya sani tun kafin a kai ki, ko ta bakinki ko ta bakin wata babba da kika aminta da ita, cewa kina buƙatar ya bi ki a hankali, kuma idan kika ce ya tsaya ya tsaya.