Lambar shasi ce takardar haihuwar tsohuwar babbar mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar Mercedes mai guntun hanci daga mahaifina, an rubuta 911 a jikin ƙofarta, takardunta kuwa duk sun ɓace. Yaya zan yi in san shekarar da aka ƙera ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Malam, rubutun ƙofa ba zai ba ka shekara ba. Tun 1963 kamfanin Mercedes-Benz ya koma raɗa wa manyan motocinsa suna da nauyinsu da ƙarfin injinsu. Wato 911 tana nufin tan 9 har da kaya, da ƙarfin doki kusan 110, kamar yadda 1113 take nufin tan 11 da doki 130. Masu guntun hancin sun fara fitowa a 1959, aka shafe shekaru sama da talatin ana ƙera su. Balle ma ƙofa da kan mota abin cirewa ne a ɗora wani.

Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, galibi ta gaba, kusa da inda sifirin ya kama. Za ka tarar datti da baƙin mai da fenti sun binne ta. Ka jiƙa wurin da kananzir, ka bar shi ya sha na minti goma, sannan ka goge da burushin waya mai laushi. Don Allah kada ka sa injin gurza ƙarfe ko samfefa mai kaushi, domin bugun ba shi da zurfi, in ka cinye shi ya tafi ke nan har abada. In wurin ya bushe, ka shafa alli ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan. Ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, inuwa ce za ta raba maka 3 da 8, ko 1 da 7. Ka ɗora takarda ka murza fensir a kai, ka kuma ɗauki hoto.

Daga nan sai ka gwada ta da lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfe na cikin kan mota. In sun saɓa, ta shasi ce gaskiya. Sababbin ribiti a kan tsohon faranti, ko alamar walda kusa da lambar, duk abin tsayawa a duba ne. Lambar za ka aika wa sashen tarihin manyan motoci na kamfanin, tare da shaidar cewa motar taka ce, ka nemi katin bayanan da aka cike ranar da ta bar masana'anta. Kada ka wahalar da kanka da shafukan intanet masu fassara lamba, don tsarin alamomi 17 suka sani, wanda ya kafu tun daga 1981.

Tambaya: Lambar injina ba ta yi daidai da ta takarda ba. An cuce ni ne?

Amsa: Ba lallai ba. Motar da ta yi shekara hamsin tana ɗaukar kaya da wuya a ce da injinta na fari take. Duba farkon lambar: in 352 ce, injin OM 352 ke nan, mai silinda shida da lita 5.7, wanda ya fito a 1964. In ka same shi a shasin da ya girme shi, an sauya. Masana'antu da yawa kuma sukan bar ranar zubin ƙarfe a jikin bulok, wato gangar injin. Ranar takan riga ta haɗa motar da makonni ko 'yan watanni, ba ta zuwa bayanta; in ta zo baya, an sauya injin.

Tambaya: Tawa Bedford ce, kamfanin kuma ya daina. Ina zan dosa?

Amsa: In samfurin TJ ce, ba ta riga 1958 ba. Amma ka lura, a 1987 aka sayar da masana'antar Bedford da ke garin Dunstable a Ingila ga kamfanin AWD, wanda ya ci gaba da ƙera wannan siffa, don haka ka karanta sunan da ke kan faranti da kyau. Kayan wuta na kamfanin Lucas, irin su sitata da dainamo, sukan ɗauki wata da shekara a jikinsu. In uku ko huɗu suka nuna lokaci guda, ka kusa gano shekarar. Mujallar Commercial Motor ta Ingila ta zuba tsofaffin fitowarta tun daga 1905 a intanet, kuma a ciki za ka ga lokacin da aka sauya fitila, inji ko akwatin giya na kowane samfuri, ka gwada da abin da ke jikin taka.