Jijiya Kala Nawa Ce, da Batun Hanta da Jini

Wata mai karatu daga Tudun Wadan Zariya ta rubuto cewa ta kai mahaifiyarta asibiti saboda ciwon ƙafa, likita ya ce matsalar jijiya ce, sai kuma ta ji ma'aikaciyar jinya tana neman jijiyar da za ta sa wa tsohuwar ƙarin ruwa. Tana tambaya ko abu ɗaya suke nufi.

Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake kowannensu Hausa ingantacciya ya yi. A ganina, Bahaushe ya fi sanin kayan ciki ta hanyar dabbar da ake feɗewa a gabansa, don haka duk abin da ya gani dogo siriri kamar igiya a cikin nama sai ya kira shi jijiya. Wadda ma'aikaciyar jinya take nema ita ce jijiyar jini mai mayar da jini zuwa zuciya, wato koriyar nan da ke fitowa a bayan hannu idan an ɗaure damtse. 'Yar'uwarta kuwa, mai fitar da jini daga zuciya, ita ce ake jin bugunta a wuyan hannu. Wadda likita yake nufi, bisa ga dukkan alamu, ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ta cikin laka, kuma idan ta taɓu ƙafa kan mutu, ko mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura. Akwai ta uku mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin farar nan da kan gagari haƙori a tsire, kuma wadda ke saman dunduniya har suna gare ta: agara.

Saboda haka nake roƙon ɗalibanmu da ke koyon aikin likita a asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya, su riƙa cika magana, su ce jijiyar jini ko jijiyar laka, domin majinyacin da bai gane ciwonsa ba da wuya ya kiyaye maganinsa.

Wani ɗalibi daga Samaru kuma ya nemi asalin cewa wane da wane kamar hanta da jini suke. Ana faɗin haka ga aminai waɗanda ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Je ka wurin mahauta da sassafe ka ga an yanka hanta: kowane yanki jini yake tsattsafowa, komai wankin da aka yi mata. Likitoci ma sun gaskata wannan lura, domin hantar babban mutum, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, ta hanyoyi biyu jini yake shigarta, ɗaya daga zuciya, ɗaya daga hanji ɗauke da abin da aka ci.