Waƙafin da ke cikin littafin lissafin 'yarka

Yaya, saƙonka ya iso mini nan Garwa ta Kamaru game da hoton shafin littafin lissafin 'yarka da na aiko maka, kuma na lura cewa abu biyu ka haɗa a cikinsa. Da farko ka ce malaminsu bai san aikinsa ba, tun da yana barin yara su rubuta 3,45 da waƙafi a inda ya kamata a sa ɗigo, sannan ka ƙara da cewa abin da ake samu ke nan idan yaro ya tashi a ƙasar Faransanci a hannun uwar da ba Bahausa ba. Na san cikin raha ka faɗi na biyun, amma raha ce mai ƙaya, don haka bari in fara da lissafin, wanda ya fi sauƙin amsawa.

Waƙafin nan ba kuskure ba ne. Duk makarantar da ke bin tsarin Faransanci, a Kamaru ko Chadi ko Nijar, da waƙafi take raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, kuma haka yaran Maradi da Damagaram suke rubutawa, waɗanda ban taɓa jin wani a Kano ya ce Hausarsu ta ragu ba. Inda ku kuke sa waƙafi domin raba dubbai, mu fili kawai muke bari. Shi ya sa idan ka ga an rubuta cewa Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655,957, farashin da aka tsayar tun 1999, ba dubu ɗari shida da hamsin da biyar ake nufi ba, sefa ɗari shida da hamsin da biyar ne da 'yan kai waɗanda ba su cika ɗaya ba. Makarantun sashen Ingilishi na ƙasar nan kuwa ɗigo suke sawa kamar ku, saboda haka yaranmu sukan san hanyoyin biyu tun suna ƙanana.

Kuskuren da ke shafin, wanda waƙafi ya ɗauke maka hankali daga gare shi, wani ne daban. Tana aji biyar, wanda muke kira CM1, an ba su 3,5 da 3,45 da 3,405 da 3,05 aka ce su jera daga babba zuwa ƙarama. Sai ta sa 3,405 a gaba, 3,45 na biye, domin a ganinta 405 ya fi 45, shi kuma 45 ya fi 5. Shekara huɗu ana koya mata cewa lambar da ta fi tsawo ita ta fi girma, kuma gaskiya ne a cikakkun lambobi, to me zai sa ta yi zaton dokar ta sauya don kawai an ƙetare waƙafi? Kai da ka daɗe da alli a hannu, na tabbata ka sha ganin irin wannan a ajinka, da ɗigon naku da komai.

A wuri ɗaya dai zan sallama maka. Ku kuna karanta abin da ke bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya, wato uku ɗigo huɗu biyar, mu kuwa a Faransanci cewa ake yi uku waƙafi arba'in da biyar. Yaron da kunnensa ya ji arba'in da biyar a nan, ya ji biyar a can, da wuya ya yarda cewa mai biyar ɗin ce babba. Karatunku ya fi namu kare yaro daga wannan tarko. Kuɗi ma ba ya taimakonmu, domin babu tsabar da ba ta kai sefa ɗaya ba da ake kashewa kamar yadda aka raba naira kwabo ɗari a 1973, ko da yake ku ma yanzu ban san yaron da ya taɓa riƙe kwabo ba.

Wadda ta warware matsalar kuwa ita ce uwar tata, Bafulatanar da ka ɗora wa laifi. Ina zaune a tabarma bayan magariba ina ta bayani da baki, yarinya tana gyaɗa kai ba tare da ta gane ba, sai uwar ta tashi ta ɗauko tef ɗin awo daga kan keken ɗinkinta. Ta ce a ajiye ukun nan gefe tun da kowace lamba tana da shi, ta sa yarinyar ta ɗora yatsa a kan santimita 45, sannan ta tambaye ta ina rabin mita yake. Yatsa ya matsa gaba zuwa 50. Da Fulatanci aka yi tambayar, da Hausa aka amsa, aka rubuta da Faransanci. Daga nan ne na nuna mata ƙa'idar: a fara duba cikakkiyar lamba, idan sun yi daidai a duba gurbin farko bayan waƙafi, wanda yake na kashi ɗaya cikin goma, idan nan ma daidai ne a wuce gurbin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma inda aka fara samun bambanci nan magana ta ƙare, komai tsawon abin da ya rage. Da ta cike guraben da sifili suka zama 3,500 da 3,450 da 3,405 da 3,050, jerin ya fito da kansa. Abin da ya ɗan ɗaure mata kai shi ne yadda sifilin ƙarshe ba ya sauya komai, alhali na tsakiya ya mai da 3,5 ya koma 3,05, wato santimita biyar a maimakon hamsin.

Tef ɗin ya tuna mini da Baba, Allah ya jiƙansa, a rumfarsa ta atamfa. Bai taɓa shiga boko ba, amma ya san yadi bai kai mita ba, ya kuma san turmi mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba. Da alƙalami turmi mita 5,4864 ne, ga shi doguwar lamba, amma 5,5 ta fi ta. Shi da ɗan yatsa yake nuna gibin. Fataucin tufafi ne ya kawo kakanmu bakin Binuwai, kamar yawancin waɗanda suka zauna unguwar da har yau ake kira Hausare, kuma tun zamaninsa ake auratayya da Fulanin gari. Abin da ke ɗan sosa mana rai shi ne, a nan kowa Bahaushe yake kiranmu, a kasuwa da makaranta da fadar Lamiɗo, sai mun zo gida biki a riƙa sauraron bakinmu ana jiran mu ce dala a wurin sefa biyar domin a yi dariya.

'Yarka tana gaishe ka, kuma da na karanta mata sashen saƙonka na lissafi, ta ce in ba ka 0,9 da 0,89 da 0,909 ka kai wa 'yan ajinka su jera. Ta ce ka mai da waƙafin ɗigo idan zai dame su, amma ka faɗa mata mutum nawa suka sa 0,89 a gaban 0,9.